Tambayoyi da Amsoshi kan GROUP BY: Abin da Ke Hana Jimlar Rahoto Dacewa da Littafin Akawu

Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda masu koyon SQL, wato harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, da masu haɗa rahoton ƙarshen wata suka fi kawo mini. Domin kada mu yi ta sauya misali, mu ɗauki kamfanin da ke sayar da kayan masarufi a kan sari, yana da rassa a garuruwa da dama. Rumbun bayanansa na da tebura huɗu: `rassa`, inda kowane reshe ke da layi ɗaya; `ciniki`, inda kowane rasit ke da layi ɗaya; `kayan_ciniki`, inda kowane kaya da ke cikin rasit ke da nasa layin; sai `biya`, inda ake rubuta kowane kuɗi da mai saye ya kawo, domin ɗan sari yakan biya kashi-kashi. Ka riƙe wannan bambanci na "layi ɗaya me yake wakilta", domin rabin amsoshin da ke ƙasa a kansa suke tsaye.

Na rubuta GROUP BY, sai aka ce wani ginshiƙi ba ya cikin rukunin. Laifin me na yi?

Ga irin umarnin da ke jawo wannan:

`SELECT reshe, mai_saye, SUM(kudi) FROM ciniki GROUP BY reshe;`

Cikin manhajojin rumbun bayanai, MySQL zai ba ka kuskure mai lamba 1055, SQL Server ya ba ka 8120, Oracle kuma ORA-00979. Duk magana ɗaya suke yi. Ka ce a dunƙule cinikin kowane reshe ya zama layi guda, sannan ka nemi sunan mai saye. Reshe ɗaya na iya samun masu saye ɗari biyu. Wanne za a rubuta maka? Kamar ka juye geron manoma goma a rumbu ɗaya ne, ka ɗebo mudu, ka ce a gaya maka daga gonar wa ya fito.

Hanya biyu ce. In kana son jimlar kowane mai saye a kowane reshe, ka ƙara `mai_saye` cikin GROUP BY, amma ka sani rahoton ya sauya ma'ana, layukansa za su ƙaru. In kuwa reshe kawai kake so, ka cire `mai_saye`, ko ka nemi abin da ke da amsa guda, kamar `COUNT(DISTINCT mai_saye)`.

Akwai shawarar da ke yawo a intanet cewa a kashe `ONLY_FULL_GROUP_BY` a MySQL. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Kafin sigar 5.7.5, MySQL yakan karɓi irin wannan umarni ya ɗauko duk sunan da ya ga dama, ba tare da ya ce uffan ba, kuma SQLite har yau yana karɓa. Kashe wannan kariya bai gyara komai ba, rufe bakin mai yi maka gargaɗi ne kawai. Sassaucin da ke da hujja shi ne wanda PostgreSQL ya kawo tun sigar 9.1: in ka yi rukuni da babban makullin tebur, wato ginshiƙin da ke bambance kowane layi da sauran, kana iya kiran sauran ginshiƙansa, domin lambar reshe ɗaya suna ɗaya take da shi.

Jimlata daidai take, amma da na ƙara JOIN don haɗa tebura sai ta ninka. Daga ina ƙarin ya fito?

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace ɓarna, domin ba saƙon kuskure, ba jan rubutu, rahoto ya fito tsaf da adadin ƙarya. Na taɓa ganin wani kamfani ya kwashe makonni yana zargin mai kula da sito da akawu, alhali ba wanda ya taɓa ko kwabo. Umarnin rahoton ne ke ninka kuɗi. Abin ya daɗe yana damuna, domin mutuncin mutane ne aka taɓa saboda layi ɗaya na SQL.

Ka ɗauki rasit ɗaya na naira 90,000. Kaya uku ne a cikinsa: shinkafa, sukari, man gyaɗa. Mai sayen ya biya sau biyu, 50,000 da 40,000. Da zarar ka haɗa `ciniki` da `kayan_ciniki`, rasit ɗin ya zama layi 3. Ka ƙara `biya`, kowane ɗaya daga ukun ya haɗu da biyan nan biyu, ya zama layi 6. Yanzu `SUM(ciniki.kudi)` zai ba ka 540,000, `SUM(biya.kudi)` kuma 270,000. Ko bashin da ake bin mutumin ma ya lalace: wanda ya gama biya sarai, rahoto zai ce ana bin sa 270,000.

Maganin shi ne a tara kowane tebur shi kaɗai tukuna, a mayar da shi layi ɗaya ga kowane rasit, sannan a haɗa:

```
WITH an_biya AS (
  SELECT ciniki, SUM(kudi) AS jimla
  FROM biya
  GROUP BY ciniki
)
SELECT c.reshe,
       SUM(c.kudi) AS ciniki,
       SUM(COALESCE(b.jimla, 0)) AS an_karba
FROM ciniki c
LEFT JOIN an_biya b ON b.ciniki = c.lamba
GROUP BY c.reshe;
```

Wasu kan yi saurin rubuta `SUM(DISTINCT c.kudi)`, su ga adadin ya sauko, su ɗauka an gama. Tarko ne. DISTINCT ba ya duba rasit, adadin kuɗi yake dubawa. In mutum biyu daban-daban kowa ya sayi kayan 15,000, sau ɗaya za a lissafa. Da kana ƙara wa kamfani kuɗin da ba shi da shi, yanzu kana rage masa nasa. `COUNT(DISTINCT c.lamba)` ba shi da wannan illa, domin lambar rasit ba ta maimaituwa.

Ɗabi'ar da nake so ka ɗauka ita ce: duk lokacin da ka ƙara JOIN, ka ƙirga layuka kafin da bayan. In `ciniki` na da layi 4,000, bayan haɗi ka ga 11,000, to ka tsaya nan, kada ka tara wani kuɗi na `ciniki` a kan wannan sakamako.

Mene ne bambancin WHERE da HAVING? Kuma me ya sa ba a yarda in sa SUM cikin WHERE?

Ba a jerin da kake rubuta umarni ake fassara shi ba. Ana fara da FROM da JOIN, sai WHERE, sai GROUP BY, sai HAVING, sai SELECT, sannan ORDER BY. Lokacin da WHERE ke aikinsa ba a riga an kafa rukuni ba, don haka babu wata jimla da zai duba. Shi ya sa MySQL ke ba ka kuskure 1111. WHERE tankaɗe layuka yake yi kafin a tara, HAVING kuma zaɓen rukunai bayan an tara. "Cinikin watan Maris kawai" aikin WHERE ne. "Rassan da cinikinsu ya haura miliyan 5" aikin HAVING ne.

Wannan jeri shi ne kuma dalilin da ya sa laƙabin da ka raɗa a SELECT, kamar `AS jimla`, ba ya aiki a WHERE. MySQL da SQLite suna karɓar sa a HAVING, PostgreSQL da SQL Server ba sa karɓa. In kana son umarninka ya yi aiki ko'ina, ka maimaita `SUM(kudi)` ɗin a HAVING.

Reshen da bai yi ciniki ba ya ɓace daga rahoto. Ina so ya fito da sifili.

GROUP BY ba ya ƙirƙiro rukunin da babu layinsa. Dole ka fara daga teburin da ke da cikakken jerin, wato `rassa`, ka jawo `ciniki` da LEFT JOIN, wanda ke barin kowane layin `rassa` ko da bai samu abokin haɗi ba. Amma akwai ramuka uku a wannan hanya, kuma yawancin mutane sai sun faɗa cikin aƙalla biyu.

Na farko, sharaɗin kwanan wata. In ka sa shi a WHERE, reshen da ba shi da ciniki yana ɗauke da NULL, wato gurbin da ba a cika ba, a ginshiƙin lokaci, sharaɗin ya ƙi shi, ya sake ɓacewa. Wurin sharaɗin shi ne cikin ON. Na biyu, `COUNT(*)` zai ba wa reshen 1, domin LEFT JOIN ya bar masa layi guda ko da fanko ne, abin da kake so shi ne `COUNT(c.lamba)`. Na uku, SUM na abin da babu shi NULL ne, ba sifili ba, sai ka lulluɓe shi da COALESCE.

```
SELECT r.suna, COUNT(c.lamba), COALESCE(SUM(c.kudi), 0)
FROM rassa r
LEFT JOIN ciniki c ON c.reshe = r.lamba
 AND c.lokaci >= '2024-03-01' AND c.lokaci < '2024-04-01'
GROUP BY r.lamba, r.suna;
```

Haka ranakun da shago ke rufe, kamar ranar Sallah, suke ɓacewa daga rahoton kullum. A PostgreSQL `generate_series` zai jera maka ranakun. A sauran, ka ajiye ɗan teburin kalanda, zai yi maka amfani shekara da shekaru.

Matsakaicin da AVG ya ba ni ya fi wanda na lissafa da hannu.

Duba ko akwai NULL. AVG, SUM, MIN, MAX da `COUNT(ginshiki)` duk tsallake shi suke yi. In kana da rasit biyar, ragin da aka yi a kansu 10, 20, 30, biyu kuma ba a cika gurbin ba, AVG zai raba 60 gida 3 ya ba ka 20. Kai da ka raba gida 5 ka samu 12. Wanne ne daidai? Kwamfuta ba ta da amsar wannan. Sai ka je ka tambayi mai shigar da bayanan: in ya bar gurbin, yana nufin ba a yi ragi ba ne, ko kuwa bai sani ba? In ba a yi ba ne, `AVG(COALESCE(ragi, 0))`. In ba a sani ba ne, a bar shi yadda yake, a kuma faɗa a rahoton rasit nawa ne ba su da bayani.

Wata hanyar da matsakaici ke ɓata ita ce ɗaukar matsakaicin matsakaita. Reshe ɗaya ya yi ciniki 100, matsakaicinsa 2,000. Wani ya yi ciniki 2 kacal, matsakaicinsa 50,000. In ka haɗa biyun ka raba, 26,000 za ka samu. Gaskiyar kuwa 300,000 ce a raba gida 102, wato kusan 2,941. Ka riƙa ajiye jimla da ƙidaya, ka yi rabon a mataki na ƙarshe.

Kashi cikin ɗari yana fito mini sifili a kowane layi.

A PostgreSQL, SQL Server da SQLite, in ka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, ana yar da ragowar: 7 / 2 ya zama 3, 45 / 200 ya zama 0. MySQL da Oracle ba sa yin haka, shi ya sa umarnin da ke aiki a can yake lalacewa in an ɗauko shi. Ka fara da `100.0 *`, ka kuma kare kanka daga rabawa da sifili: `100.0 * an_biya / NULLIF(jimla, 0)`. A SQL Server har AVG na ginshiƙin INT cikakkiyar lamba yake dawowa da ita.

Tsakanina da akawu 'yan kwabbai ne kawai. In ƙyale?

Kada ka ƙyale sai ka san dalili. In ginshiƙin kuɗi FLOAT ne ko DOUBLE, shi ne mai laifi: wannan nau'i ba ya iya riƙe 0.1 daidai, kuma ɗan kaucin yana taruwa a kan dubban layuka. Kuɗi DECIMAL ko NUMERIC yake so, ko a ajiye shi da kwabo a cikakkiyar lamba. In nau'in daidai ne, to wataƙila kai kana yin ROUND a kan jimla, shi kuma rasit ana yi masa a kowane layi. Ku zauna ku tsayar da ƙa'ida ɗaya.

Rahoton wata yana zubar da cinikin ranar ƙarshe, wani lokaci kuma ya kai cinikin dare watan da ba nasa ba.

Matsala biyu ce daban. Ta farko BETWEEN ne. `BETWEEN '2024-03-01' AND '2024-03-31'` a kan ginshiƙi mai ɗauke da awa da minti yana tsayawa ne a sha biyun daren da 31 ga wata ta shigo. Duk cinikin yinin ya zube. Ka rubuta "daga 1 ga Maris zuwa ƙasa da 1 ga Afrilu" kamar yadda na yi a sama, ba ruwanka da ko watan 28 yake ko 31.

Ta biyu agogo ne. Manhajoji da yawa suna ajiye lokaci da agogon UTC, wato agogon da duniya ke daidaita lokaci da shi, alhali Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa ɗaya duk shekara. Cinikin da aka yi a Kano ƙarfe 12:30 na dare, 1 ga Fabrairu, a rumbu 11:30 ne na daren 31 ga Janairu. Mai kantin da ke rufewa da magariba ba zai taɓa lura ba, amma gidan mai, asibiti da masu POS za su gani. A PostgreSQL, in ginshiƙin `timestamptz` ne, ka yi rukuni da `date_trunc('month', lokaci AT TIME ZONE 'Africa/Lagos')`, ko `Africa/Niamey`. A MySQL akwai `CONVERT_TZ`, sai dai in ba a loda teburan yankunan lokaci ba NULL yake dawowa da shi. `'+00:00'` zuwa `'+01:00'` yana aiki ba tare da su ba. Mai reshe a Gana ya tuna cewa agogon can daidai yake da UTC.

Kuma kada ka yi rukuni da lambar wata ita kaɗai, in ba haka ba Maris ɗin bara da na bana su zama abu guda.

Gari ɗaya yana fitowa sau uku ko huɗu a rahotona.

Wannan tamu ce ta musamman, mu masu rubutu da haruffa masu lanƙwasa. Wani ma'aikaci ya rubuta Ɗambatta, wani Dambatta, wani Danbatta, wani ya bar fili a ƙarshen kalmar. Haka Ƙanƙara da Kankara. A wurin kwamfuta ƙ da k haruffa ne daban, don haka rukuni daban. Babban baƙi da ƙarami kuma ya danganta da tsarin jera haruffan rumbun: MySQL 8.0 yadda ya zo yana ɗaukar "Kano" da "kano" abu ɗaya, PostgreSQL yana raba su. In kuma ka ga alamar tambaya a gurbin ɗ ko ƙ, tebur ɗin yana kan `latin1` ne, wanda ba shi da waɗannan haruffa, kuma shi ne abin da MySQL ke zuwa da shi kafin 8.0. A mayar da shi `utf8mb4`.

TRIM da LOWER suna rage ciwon, ba sa warkar da shi. Kuma akwai kishiyarsa, wadda ta fi haɗari: wurare biyu masu suna ɗaya. Cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, akwai Bassa a Filato da Bassa a Kogi, akwai Obi a Binuwai da Obi a Nasarawa. Ka yi GROUP BY da suna, ka haɗe jihohi biyu a layi guda ba ka sani ba. Mafita ta gaskiya ita ce teburin wurare, kowane wuri da lambarsa, ma'aikaci ya zaɓa daga jeri maimakon ya buga da hannu. A yi rukuni da lamba, a nuna suna, kuma a rubuta sunan da haruffansa na ƙwarai.

Ina son babban ciniki na kowane reshe tare da sunan wanda ya saya.

`MAX(kudi)` adadi kawai zai ba ka, ba zai kawo sauran layin ba. In ka ƙara `MAX(mai_saye)` kusa da shi, sunan da ya zo ƙarshe a jerin haruffa za ka samu, wanda ƙila bai da alaƙa da wannan ciniki. Abin da ya dace:

```
SELECT * FROM (
  SELECT c.*, ROW_NUMBER() OVER
    (PARTITION BY reshe ORDER BY kudi DESC, lamba) AS matsayi
  FROM ciniki c
) t
WHERE matsayi = 1;
```

OVER yana lissafi a kan rukuni ba tare da ya dunƙule layukan ba. PostgreSQL ya samu wannan a sigar 8.4 a 2009, MySQL 8.0 da SQLite 3.25 kuma a 2018. In mutum biyu sun yi kunnen doki kana son su fito dukansu, ka sa RANK a madadin ROW_NUMBER, ka cire `lamba` daga jerin.

Yaya zan samu jimlar kowace jiha da babbar jimla a ƙasa?

`GROUP BY ROLLUP (jiha, reshe)` a PostgreSQL daga 9.5, SQL Server da Oracle. `GROUP BY jiha, reshe WITH ROLLUP` a MySQL. SQLite ba shi da shi, sai UNION ALL. Layukan jimla suna zuwa da NULL a gurbin suna, kuma in akwai reshen da tun asali ba a cika jiharsa ba, za ka kasa bambance su. `GROUPING(jiha)` na ba da 1 a layin jimla, 0 a sauran. Hattara in za a kwashe sakamakon zuwa Excel: wanda ya tara ginshiƙin gaba ɗaya zai haɗa da layukan jimlar.

Tunda muka koma MySQL 8.0 jerin rahoton ya hargitse, kuma GROUP_CONCAT yana yanke sunaye.

Tsofaffin sigogi sukan jera sakamakon GROUP BY da kansu, 8.0 ya daina. In kana son jeri, ka rubuta ORDER BY. Yankewar kuma daga `group_concat_max_len` take, wanda ke zuwa a kan 1024. Ka ɗaga shi. Wannan iyaka ta daɗe, ƙila yanzu ne bayananka suka kai ta.

Umarnin daidai yake amma yana ɗaukar minti da yawa.

Ka sa EXPLAIN a gabansa ka ga ko yana karanta teburin gaba ɗaya. Abin da na fi kamawa shi ne naɗe ginshiƙi cikin wani aiki a WHERE, kamar `YEAR(lokaci) = 2024`, wanda ke hana amfani da indeks ɗin da ke kan `lokaci`, wato jerin da ke saurin gano layuka. Ka mayar da shi tazara, daga farkon 2024 zuwa ƙasa da farkon 2025. Sharaɗin da zai iya zama a WHERE kada a jinkirta shi zuwa HAVING. In rahoton na shekaru ne kuma ana buɗe shi kullum, ka tara cinikin kowace rana cikin wani ɗan tebur da dare, rahoton ya riƙa karantawa daga can.

Ba kuskure, amma zuciyata ba ta kwanta da adadin ba. Ta ina zan fara?

Ka cire GROUP BY da duk wani SUM, ka bar JOIN da WHERE yadda suke, ka taƙaita ga reshe ɗaya da yini ɗaya. Layukan da suka fito kaɗan ne, kana iya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ka karɓo rasitan wannan yini na takarda daga wurin akawu, ka ajiye su kusa da allon. In lambar rasit ta fito sau biyu, JOIN ne. In wani rasit na hannunka babu shi a allon, WHERE ne ya cinye shi, ko agogo, ko JOIN ɗin da ya kamata ya zama LEFT. In akwai a allon babu a takarda, ka duba ko kamfanin na da ginshiƙin rasitan da aka soke ko kayan da aka dawo da su wanda ba ka tace ba. Sai yinin nan guda ya dace kwabo da kwabo, sannan ka mayar da SUM, ka faɗaɗa zuwa mako, sannan wata.